Kwaku Ohene-Frempong da yaƙin sikila tun daga ɗakin haihuwa

Idan aka ambaci sikila, wanda ke fara zuwa wa mutane a rai shi ne matashi siriri mai rawayan ido, wanda ciwon ƙashi ke kwantar da shi duk lokacin da hunturu ya kama ko damina ta yi nisa. Wannan shi ne mai sikilar da ya rayu har aka san shi. Akwai wani kuma da ba a cika zancensa ba, alhali a Afirka shi ya fi yawa: jaririn da zazzaɓi ya kama da daddare yana ɗan wata tara, kafin la'asar ɗin washegari an kai shi makwancinsa, iyayensa kuma ba za su taɓa sanin jininsa SS ne ba. A ce maleriya ce, ko haƙora, ko iska. Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, likitan yara ɗan ƙasar Ghana, a kan wannan yaro na biyu ya ƙarar da rayuwarsa, kuma ina ganin duk wanda ke da mai sikila a gida, ko yake da hannu a harkar lafiya, ya kamata ya san abin da bawan Allahn nan ya gano da abin da ya gina.

An haife shi ranar 13 ga Maris, 1946, a garin Kukurantumi da ke gabashin Ghana, lokacin ƙasar tana hannun Turawan Ingila. Ya yi sakandare a Kwalejin Prempeh ta Kumasi, daga nan ya wuce Jami'ar Yale a Amurka, inda ya gama digirin farko a 1970, ya fito likita a 1975. A ƙuruciyarsa gwani ne a tseren tsallake shinge, har ya shugabanci 'yan tseren jami'ar. Da a ce al'amura sun tafi yadda aka saba, da wataƙila ya zama likita irin na kowa, ya yi suna, ya tara abin duniya.

A 1972, yana tsakiyar karatun likita, aka haifa masa ɗansa na fari. A daidai wannan shekara ne asibitin Yale ya soma gwada jinin jarirai tun ranar haihuwa don neman sikila, ƙarƙashin wani likitan yara mai suna Howard Pearson. Gwajin ya nuna yaron yana da cutar. Jariri ne lafiyayye a ido, babu abin da ke damunsa, amma iyayensa sun riga sun san abin da ke tafe. Wannan yaro ya rayu shekara 40 kafin cutar ta yi ajalinsa a 2013. Uban ya ga da idonsa abin da sani da wuri ke yi, ya kuma san cewa a garin da aka haife shi babu uwar da ke samun wannan gata.

Kafin a gane dalilin da ya sa ranar haihuwa ke da wannan muhimmanci, sai an leƙa cikin jinin kansa.

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin himogulobin, shi ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ko'ina a jiki. Kowa na gadon nau'insa daga ɓangare biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Lafiyayyen nau'i shi ake kira A. Nau'in S kuwa, idan ya sauke iskar da ya ɗauko, sai ya dunƙule ya sandare, ya lanƙwasa ƙwayar jinin ta koma siffar lauje. Irin wannan ƙwaya tana toshe ƙananan hanyoyin jini, shi ne tushen azabar ciwon ƙashi, kuma ba ta daɗewa: lafiyayyiya takan yi kwana 120, ita kuwa tsakanin kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa jininsu kullum a ƙasa yake. Wanda ya gaji S daga uwa da uba duka shi ne SS, mai sikila. Mai AS, wanda ya gaji A ɗaya da S ɗaya, ba ya ciwon, hasali ma yana da wata kariya daga maleriya mai tsanani, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka a 1954. Wannan kariya ce ta sa nau'in S ya yaɗu a duk inda sauro ya yi ƙarfi.

To amma jariri ba da A ko S yake fitowa duniya ba galibi. Yana zuwa ne da himogulobin na ɗan tayi, wanda ake kira F, shi kuma ba ya lanƙwasa. Saboda haka a watannin farko mai SS ba shi da bambanci da kowane jariri. Sannu a hankali F ke raguwa, S ke maye gurbinsa, zuwa wajen wata shida canjin ya yi nisa. Abu na farko da ke lalacewa kuma ba ƙashi ba ne. Saifa ce. Aikin saifa tace jini da kama ƙwayoyin cuta, musamman wata mai suna nimokokas da ke haddasa nimoniya da sanƙarau da gubar jini. Pearson ɗin nan ya nuna tun 1969 cewa saifar yaro mai sikila kan daina aiki ko da an taɓa an ji ta kumbura ta yi girma. Yaron da saifarsa ta mutu, ƙwayar cutar da wani yaro zai yi mura da ita ya warke, shi tana iya kashe shi cikin sa'o'i. Wani lokacin kuma saifar ce za ta zuƙe jinin jiki farat ɗaya, ciki ya kumbura, tafin hannu ya yi fari fat, yaro ya galabaita. Duk wannan kan faru ne kafin a taɓa kai shi gwaji, domin wa zai kai lafiyayyen jariri gwajin sikila?

Mu a ƙasar Hausa muna da shaidar wannan a rubuce. A shekarun 1970 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi wani dogon bincike kan maleriya a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin take cikin jihar Kano, yanzu kuma tana Jigawa. Alan Fleming da abokan aikinsa suka gwada jinin mutanen yankin, suka wallafa sakamakon a 1979. A cikin sabbin haihuwa, kusan biyu cikin ɗari SS ne. A cikin waɗanda suka wuce shekara tara kuwa, da ƙyar ake samun ɗaya a cikin dubu. Sauran ba ƙaura suka yi ba. Duk lokacin da na tuna wannan lissafi sai in tuna matan da ake cewa suna wabi, su haifa su binne, su haifa su binne, har a riƙa sa wa yaro suna irin su Ajuji ko Ayashe ko mutuwa za ta ƙyale shi. Ba kowane wabi ne sikila ba, amma babu shakka akwai sikila a cikinsa, kuma an ɗora wa mata da yawa laifin abin da su da mazajensu suka haɗu suka gadar.

Bayan ya gama Yale, Ohene-Frempong ya ƙware a likitancin yara a New York, sannan a cututtukan jinin yara a Asibitin Yara na Philadelphia. A 1980 ya koma Jami'ar Tulane da ke New Orleans ya kafa cibiyar sikila, a 1986 ya dawo Philadelphia, inda ya shugabanci babbar cibiyar sikila ta asibitin, ya kuma zama farfesan likitancin yara a Jami'ar Pennsylvania. Shekarar da ya dawo ɗin ta zo da labarin da ya sauya komai. Wani bincike da Marilyn Gaston ta jagoranta ya nuna cewa idan ana ba ƙananan yara masu sikila penisilin sau biyu a rana, kamuwa da mummunar cutar nimokokas na raguwa da kashi 84 cikin ɗari. Bambancin ya yi yawa har aka tsayar da binciken kafin lokacinsa, don bai halatta a ci gaba da hana rabin yaran maganin ba. A 1987 masana lafiya na Amurka suka yi ittifaƙi a riƙa gwada kowane jariri. Penisilin, maganin da ke cikin mafi araha a duniya, shi ya zama katangar da ke tsakanin yaro da kabari, da sharaɗin a san yaron tun yana ɗan wata biyu.

Gudummawarsa ta ilimi da aka fi ambato ta shafi shanyewar ɓarin jiki. Mutane sun ɗauka ciwon tsofaffi ne da masu hawan jini. A 1998 ya jagoranci wallafa sakamakon bibiyar dubban masu sikila a Amurka, aka ga kashi 11 cikin ɗari na masu SS kan samu wannan matsala kafin su cika shekara 20, kashi 24 kafin shekara 45, kuma lokacin da ya fi haɗari a ƙuruciya shi ne tsakanin shekara biyu zuwa biyar. Yaro yana wasa, sai hannu ya saki, baki ya karkace. A shekarar ce kuma binciken Robert Adams ya tabbatar cewa da wata na'ura da ake ɗora wa yaro a gefen kai, tana auna saurin gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ana iya gane wanda ke bakin haɗari, kuma ƙarin jini a kai a kai na rage aukuwar abin da kusan kashi 90 cikin ɗari. Lissafin Ohene-Frempong ya nuna girman matsalar da shekarun da za a sa ido, na Adams ya nuna mafita.

Duk wannan a Amurka ne, ƙasar da masu sikilarta gaba ɗaya kimanin dubu 100 ne. Ghana kaɗai tana haifar kusan dubu 15 duk shekara. A wancan zamani akwai masu ganin gwajin jarirai ba na Afirka ba ne: maleriya da gudawa da ƙyanda na kashe yara, ina kuɗin da za a ware wa cutar gado? Ghana dai ba baƙuwa ba ce a ilimin sikila, domin tun shekarun 1960 Felix Konotey-Ahulu ke gudanar da babban asibitin masu sikila a Korle Bu da ke Accra. Sai dai wanda ya isa irin wannan asibiti, ciwo ne ya kai shi. Ohene-Frempong ya nufi waɗanda ba sa isa.

A ƙarshen 1992 aka buɗe sashen masu sikila a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye a Kumasi, a Fabrairun 1995 kuma aka soma gwajin jarirai a birnin da wani ƙauye mai suna Tikrom, da tallafin cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka. Yana cikin shirye-shiryen farko irinsa a Afirka kudu da Sahara. A lura da tsarin: an fara buɗe wurin kula da yaran, sannan aka soma nemansu. Yadda ake yi shi ne a tsaga dunduniyar jariri kaɗan, a ɗiga jini a wata takarda ta musamman, ya bushe, a aika ɗakin gwaje-gwaje na Cibiyar Noguchi da ke Jami'ar Ghana a Legon. Shugaban cibiyar a lokacin, Farfesa Francis Nkrumah, ɗan shugaban Ghana na farko Kwame Nkrumah, shi ma likitan yara ne, kuma yana cikin jagororin aikin. A shekaru goma na farko an gwada jarirai sama da dubu 200, aka samu kusan biyu cikin ɗari da cutar. Matan zango na Aboabo da Asawase da ke haihuwa a asibitocin gwamnati na Kumasi suna cikin waɗanda shirin ya shafa.

Ɗiga jini a takarda shi ne ɓangare mafi sauƙi. Wahalar tana bayan sakamako ya dawo. Uwa ta daɗe da komawa gida, wataƙila ma ta tafi garinsu wanka, unguwa kuma babu sunan layi babu lambar gida, wayar hannu ba ta yaɗu ba tukuna. Dole ma'aikaciyar jinya ta bi kwatance, bayan masallaci ko kusa da injin niƙa, har ta same ta. Idan ta same ta, sai ta gamsar da ita cewa wannan jariri mai ƙiba da ke tsotson nono yana da cutar da za ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa, kuma ya kamata ya soma shan magani yau, alhali ko atishawa ba ya yi. Ga tsoron miji, ga dangin miji da za su ce daga wajenta ne. A nan ne malantakar Ohene-Frempong ta fi burge ni. Ya koyar da ɗaliban likita da ƙwararru a Philadelphia, ya horar da likitoci da ma'aikatan jinya da na ɗakin gwaji da masu ba da shawara a Ghana, amma ɗalibar da tsarin ya dogara a kanta ita ce uwa. Ita ake koya wa yadda za ta lalubi saifar ɗanta a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu ta gane in ta ƙara girma. Ita ake koya wa duba tafin hannu da cikin fatar ido, da gane kumburin hannu da ƙafa, wanda sau da yawa shi ne alamar farko. Ita ake gaya wa cewa zazzaɓin wannan yaro ba na a ba shi farasitamol a jira gari ya waye ba ne, na a ɗauke shi a nufi asibiti ne ko da tsakar dare. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar da zazzaɓi ya zo ba ita ce ranar fara koyon waɗannan abubuwa ba.

Gwajin Kumasi ya fito da wani abu da ya kamata masu shirin aure su sani. Kaso mai yawa na yaran da aka gano ba SS ba ne, SC ne. Nau'in C, wani nau'in himogulobin da idan ya haɗu da S shi ma yake jawo sikila, ya fi yawa a arewacin Ghana da Burkina Faso, kuma ana samunsa a sauran Afirka ta Yamma. Mai SC yakan fi mai SS sauƙi a ƙuruciya, amma yana iya samun lalacewar ido da ta ƙashin ƙugu, mace kuma takan sha wuya lokacin goyon ciki. Saboda haka mai AS da ya auri mai AC bai tsira ba.

Sai batun haidiroksiyuriya, maganin da ke sa jiki ya koma ƙera himogulobin F irin na jarirai. Amurka ta amince da shi ga manya masu sikila tun 1998, amma an daɗe ana ɗari-ɗari da shi a Afirka, ana tsoron kada ya raunana garkuwar jiki a inda maleriya ta yi yawa. Wani bincike kan yara sama da 600 a Angola da Kwango da Kenya da Uganda, wanda aka wallafa a farkon 2019, ya nuna akasin haka: ciwo ya ragu, buƙatar ƙarin jini ta ragu, mutuwa ta ragu, har maleriyar ma ta ragu da kusan rabi. A Nuwamban 2019 gwamnatin Ghana da kamfanin Novartis da Gidauniyar Sikila ta Ghana, wadda Ohene-Frempong ke shugabanta, suka ƙaddamar da shirin samar da maganin, daga baya kuma aka shigar da shi cikin inshorar lafiya ta ƙasa. Ohene-Frempong ya rasu ranar 7 ga Mayu, 2022, a Philadelphia, sanadiyyar kansar huhu, yana da shekara 76.

Ba daidai ba ne a ce ya bar aikin a kammale. Ghana ta ayyana gwajin jarirai a matsayin shirin ƙasa a 2010, amma har ya bar duniya ƙaramin kaso ne na jariran ƙasar ake gwadawa. Shirin da aka gina da tallafin waje, idan tallafin ya janye, yakan tsaya cik sai gwamnati ta sa shi a kasafinta, kuma abin da ya riƙa jan ƙafa ke nan. Abin da ya tabbatar dai ba ya goguwa: ana iya yi a birnin Afirka, da ma'aikatan Afirka, kuma yaran suna rayuwa.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu sikila, ana ƙiyasta jarirai kusan dubu 150 duk shekara. A fannin shanyewar ɓarin jiki Kano ta yi abin a yaba. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Asibitin Murtala, da takwarorinsu na Barau Dikko a Kaduna, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, sun nuna cewa a inda ƙarin jini duk wata ba zai yiwu ba, haidiroksiyuriya ko a ƙaramin awo na iya kare yaran da na'ura ta nuna suna cikin haɗari. Wannan ci gaba ne kai tsaye na abin da aka soma ƙirgawa a 1998. Sai dai yaron da zai ci moriyarsa sai ya kai shekara biyu da rai, kuma an san yana da sikila.

Mafi yawan ƙarfinmu mun sa shi ne a gwaji kafin aure. Jihar Kano ta yi dokarsa a 2024, malamai na wa'azi a kai, kuma abu ne mai kyau. Amma ba zai wadatar ba. Akwai miliyoyin ma'aurata AS da AS da suka riga suka yi aure, akwai auren zumunci da ba a tsayawa tambaya, akwai sakamakon gwaji na kuskure da na jabu. Kuma lissafin da ake yi na ɗaya cikin huɗu ana yawan fahimtarsa a baibai. Ba yana nufin a cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai zo da sikila ba. Kowane ciki da nasa rabon, ana iya haifar uku a jere duk SS, ana iya haifar bakwai babu ko ɗaya. Duk wanda aka haifa kuma yana da haƙƙin a neme shi, ba a tsaya ana tuhumar iyayensa ba.

Babban cikas a arewa shi ne yawancin haihuwa a gida ake yi, don haka tsarin Kumasi na kama jariri a ɗakin haihuwa ba zai kai ga mafi yawa ba. Akwai wata ƙofa: wurin allurar rigakafi. Uwar da ba ta haihu a asibiti ba takan kai jariri allurar farko ko ta sati shida. Yanzu kuma an samu ƙananan kayan gwaji da ke ba da sakamako nan take cikin mintuna, ba sai an aika jini wani gari ba, ba kuma sai an bi uwa gida. Farfesa Obiageli Nnodu da abokan aikinta sun jarraba wannan a ƙananan asibitocin Gwagwalada, suka wallafa a 2020 cewa yana aiki.

Ga iyayen da suka san dukansu suna ɗauke da S, ko ɗaya S ɗaya C, kada su jira alama. Sai dai su san cewa gwajin da aka saba yi wa manya a ƙananan ɗakunan gwaji yakan ruɗe a jinin sabon jariri saboda yawan himogulobin F, don haka su nemi asibitin koyarwa ko babban asibiti da ke da gwajin da aka tanada don jarirai. Idan ya tabbata, penisilin ake somawa daga wata biyu zuwa aƙalla shekara biyar, a kammala allurar nimokokas da sauran rigakafi, a kwana cikin gidan sauro, daga shekara biyu kuma a riƙa auna jijiyoyin kai sau ɗaya a shekara.